Gwajin babbar manhaja a hannun jama'a: wa ke aikin, wa ke da girbin?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan Damagaram, kuma da yamma ina taya yayana gyaran kwamfuta a shagonsa da ke Zango. Ina jin ana cewa masu ƙera babbar manhajar kwamfuta, irin su Windows da Linux, suna ba jama'a dama su gwada ta kafin ta fito, wasu ma har su sa hannu a gininta. Shin wannan ba dabara ba ce ta sa mutane aiki ba tare da biya ba? Idan kuma kowa yana iya sa hannu, me zai hana mugu ya cusa abin cutarwa? Sannan mu da muke fama da tsadar intanet da tsofaffin kwamfutoci, muna da wani abin da za mu iya bayarwa?

Amsa: Ƙanena, zargin da ka yi yana da tushe, amma bai shafi kowa daidai wa daida ba, domin abin da ake kira buɗe wa jama'a ƙofa iri-iri ne. Akwai kamfanin da zai ba ka manhajarsa ka gwada, ka faɗa masa abin da ya lalace, ba tare da ka taɓa ganin yadda aka rubuta ta ba. Akwai wanda zai bar ka ka karanta rubutun tushe, wato ainihin umarnin da aka rubuta manhajar da su, daga farko har ƙarshe, amma sai bayan ya gama yanke shawararsa a cikin gida. Akwai kuma inda baƙo zai kawo gyara a duba a karɓa, har wata rana shi ma ya shiga sahun masu duba gyaran wasu. Ni idan zan auna kowane irin shiri, ba na duba yawan mutanen da aka ce sun shiga. Ina duba inda rahoton mutum yake zuwa bayan ya aika da shi, da wanda ke karanta shi, da kuma abin da zai rage a hannun jama'a idan masu gida suka wayi gari suka rufe ƙofar.

Sai dai kafin nan, ya kamata ka san dalilin da ya sa babbar manhaja ta fi kowace manhaja buƙatar hannun jama'a. Ita ce ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da duk sauran manhajoji: ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke magana da allo da madannai da firinta da katin Wi-Fi, ita ke rubuta fayil a ma'ajiya ta kuma karanto shi. Kai da kake zama a shagon gyara ka san cewa kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya zuwa da katin Wi-Fi daban-daban a cikinsu. Idan ka lissafa ire-iren katin hoto da na sauti da na sadarwa da ke duniya, da tsofaffinsu da sababbinsu, sannan ka tuna cewa kowanne yana iya haɗuwa da kowanne, za ka ga cewa babu ɗakin gwajin da zai iya tara su duka, komai kuɗin mai shi. Don haka gwajin jama'a ba alheri ba ne da kamfani ke yi wa mutane. Larura ce ta tilasta shi.

Mu ɗauki Microsoft. A watan Oktoba na 2014 ta buɗe shirin Windows Insider, wanda ya ba duk mai so damar sauke Windows 10 tun tana kan gini, watanni kafin fitowarta a Yulin 2015. Apple ma a 2014 ta buɗe gwajin OS X Yosemite ga jama'a. A irin wannan shiri kana gwadawa, kana aika ƙorafi, na'urarka kuma tana aika bayanan yadda take aiki, amma rubutun tushe yana kulle, kuma ba ka da ta cewa a kan abin da za a gyara ko a bari. Wannan gayya ce a gonar wani: an kira ka, ka yi noma, an ba ka fura ka sha, hatsin kuwa rumbun mai gona zai shiga. Gayya ba zalunci ba ce matuƙar ka san ita ka je, kuma ga mai shago irin yayanka akwai riba ta zahiri, domin zai san firintar da za ta daina aiki watanni kafin abokan cinikinsa su fara kawo kuka. Abin da ba daidai ba shi ne a kira ta gandu, inda duk wanda ya yi aiki yake da rabo a rumbun.

Kuma yawan masu gwaji shi kaɗai ba ya tsinana komai idan babu kunnen da ke saurare. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ta saki wani babban sabunti na Windows 10, sai ga shi yana goge wa wasu mutane fayilolinsu na takardu da hotuna, abin da ya sa ta janye shi cikin ƴan kwanaki, ba ta sake sakinsa ba sai a Nuwamba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, masu gwaji sun riga sun kai rahoton wannan matsala tun kafin a saki sabuntin. Rahotannin sun nutse ne domin tsarin tattara ƙorafi yana ɗaga abin da mutane da yawa suka goyi baya, alhali matsalar ta taɓa mutane kaɗan ne kawai, sai dai ɓarnarta babba ce. Bayan abin ya faru ne aka ƙara wa masu gwaji hanyar nuna girman illar abin da suke kawo wa rahoto. Ina so ka riƙe wannan labari, domin mu a nan kullum cikin ƴan tsiraru muke, kuma duk tsarin da ke auna ƙorafi da yawan masu yinsa, mu zai fara mantawa da su.

Linux ta taso ta wata hanya dabam. A ranar 25 ga Agusta 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya sanar cewa yana rubuta ƙwayar babbar manhaja, wato jigonta da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura, ya kuma nemi mutane su gaya masa abin da suke so a cikinta. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL na shirin GNU, wanda Richard Stallman ya fara a 1983. Lasisin ya ba kowa ikon amfani da manhajar, da karanta rubutunta, da sauya shi, da rarraba shi, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya rarraba abin da ya sauya dole ya ba na gaba da shi irin wannan iko. Amma kada ka ɗauka cewa kowa na zuwa ya rubuta abin da ya ga dama. Kowane ɓangare na ƙwayar yana da mai kula da shi, kuma faci, wato ɗan gyaran rubutun tushe, da baƙo ya aiko sai ya bi ta hannun wannan mai kula, a karanta shi a bainar jama'a, sau da yawa a mayar da shi a ce a sake, kafin ya haura sama. Wanda ya aiko kuma dole ya sa hannu cewa yana da haƙƙin bayar da abin da ya aiko. Kowace sabuwar siga tana farawa da makonni biyu na karɓar sababbin abubuwa, daga nan a rufe, a riƙa fitar da sigar gwaji mako-mako, yawanci har sau bakwai, ana gyara kawai ba a ƙari, ta yadda duk makonni tara zuwa goma ake samun sabuwar ƙwaya. Waɗannan makonni bakwai na masu gwaji ne, kuma a cikin tarihin kowane gyara akwai layin da ake rubuta sunan wanda ya kawo rahoto da na wanda ya gwada maganin.

Ƙwaya ita kaɗai ba ta isa mutum ya yi aiki ba, sai an haɗa ta da dubban wasu manhajoji, kuma a nan ne Debian, ɗaya daga cikin masu yin wannan haɗi, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ta fi burge ni. Sabuwar manhaja tana fara shiga reshe marar tabbas mai suna sid, inda masu ƙarfin hali ke amfani da ita. Idan ta yi ƴan kwanaki ba a kawo rahoton wata babbar matsala a kanta ba, sai ta wuce da kanta zuwa reshen gwaji. Kusan duk shekara biyu ake daskarar da reshen gwajin, a zauna a kan matsalolin da suka rage har sai sun ragu yadda ya kamata, sannan ya zama tabbatacciyar siga, kamar Debian 12 da ta fito a Yunin 2023 da Debian 13 a Agustan 2025. Ma'anar wannan ita ce rahoto guda ɗaya, idan an tabbatar da girmansa, yana iya tsayar da manhaja a bakin ƙofa, ko da mutum ɗaya ne ya kawo shi. Kowane rahoto yana da lamba, kowa yana iya karanta shi da amsar da aka ba shi, kuma masu aikin su ne ke zaɓen shugabansu duk shekara. Tafiyar tana da nawa, ana kuma yawan gardama, amma babu mai kuɗin da zai zo rana ɗaya ya saye ta.

Wurin da zarginka ya fi dacewa shi ne tsaka-tsakin nan, inda kamfani ke da manhaja ya ce ya buɗe ta. A 2003 Red Hat, kamfani mai sayar da Linux, ta raba aikinta biyu, ta riƙe sigar da take sayar wa kamfanoni, ta kafa Fedora domin jama'a. Amma shekarun farko ma'aikatanta ne kaɗai ke iya taɓa jigon manhajar, ƴan sa-kai kuwa aka bar musu ma'ajiyar ƙarin manhajoji a gefe, kuma sai a Fedora 7, cikin 2007, aka haɗe su wuri ɗaya. Shekara huɗu ke nan tsakanin sanarwa da cikawa. Novell, bayan ta sayi SUSE ta Jamus, ta kafa openSUSE a Agustan 2005, kuma sigar 10.0 da ta fito a Oktoban shekarar ita ce ta farko da jama'a suka gwada tun tana ɗanya. Daga baya aka buɗe na'urorin haɗa manhajoji domin na waje su ma su riƙa gina nasu, wanda a ganina shi ne ainihin buɗewar. A shekarar 2005 ɗin dai Sun, wani kamfanin kwamfuta, ta buɗe babbar manhajarta Solaris da sunan OpenSolaris, amma linzamin bai taɓa barin hannunta ba, shi ya sa da Oracle ta sayi Sun a 2010 ta dakatar da shirin cikin watanni. Abin da ya tsira ya tsira ne saboda lasisin ya halatta wa mutane su ɗauki rubutun da aka riga aka saki su ci gaba da shi, kuma haka aka haifi illumos. Irin wannan ta sake faruwa a Disambar 2020, da Red Hat ta sanar da sauya alƙiblar CentOS, kwafin kyauta na sigar da take sayarwa, mutane suka tashi da Rocky Linux da AlmaLinux. Android da ke aljihunka ma rubutun tushensa a buɗe yake, amma Google ce ke tsara shi, kuma a Maris 2025 ta tabbatar da cewa ginin zai koma cikin gida gaba ɗaya, a riƙa sakin rubutun bayan an kammala. Kamfani yana da nasa lissafi, kuma wannan ba laifi ba ne; kai dai ka duba lasisin kafin ka zuba lokacinka, domin lasisin abin da aka riga aka saki shi ne kaɗai abin da ba ya sauyawa idan mai kamfanin ya sauya.

Game da mugu kuwa, tsoronka ya taɓa tabbata, kuma gara ka ji labarin yadda yake. Akwai wata ƙaramar manhajar matse fayiloli mai suna xz, wadda kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke kula da ita a lokacin hutunsa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu kyau, wasu sunaye kuma suna matsa wa mai kulawar lamba cewa ya gaza, har aka ba Jia Tan ikon fitar da siga. A sigogi 5.6.0 da 5.6.1 ya ɓoye wata ƙofar sirri da za ta ba shi damar shiga manyan kwamfutoci daga nesa ta hanyar SSH, wato hanyar da masu kula da kwamfutoci ke bi su shiga na'ura daga nesa. Wanda ya gano ta, Andres Freund, ba neman ɓarawo yake yi ba. Injiniya ne da ke auna saurin wata manhajar adana bayanai a kan Debian sid, sai ya lura cewa shiga ta SSH yana cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima, yana kuma jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ya kau da kai, ya bi sawu har ya kai ga tushen, ya sanar a ranar 29 ga Maris 2024. A lokacin gubar ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga tabbatattun sigoginsu da bankuna da asibitoci ke amfani da su ba. Buɗewar ce ta ba mugun hanya, kuma reshen gwajin ne ya ba mai lura damar kama shi kafin ya isa inda yake nufi. Ba zan ce maka ido da yawa yana ganin komai ba, domin wata ɓaraka mai suna Heartbleed ta zauna a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin sadarwa a intanet, kusan shekara biyu kafin a gano ta a Afrilun 2014, alhali rubutun yana buɗe ga kowa. Rubutu a buɗe yana nufin ana iya dubawa ne kawai, kuma a wurare da yawa masu dubawar ba su taka kara sun karya ba.

Yanzu ga abin da ya shafe mu. Tsofaffin kwamfutocin da kake ganin su ne rauninmu, su ne abin da masu ginin suka fi rasa. Yawancin masu rubuta manhaja suna aiki ne a kan sababbin na'urori, cikin ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta yankewa da intanet da ba a lissafa megansa. Kwamfutar da ta yi shekara goma a Turai kafin ta iso kasuwarmu, batirinta ya mutu, fankarta ta sha ƙurar hunturu, tana aiki a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wuta kuma tana ɗaukewa tana tsakiyar rubuta fayil, wannan yanayi ne da ba kasafai ake gwada shi a can ba. Ko manhaja tana rage gudu yadda ya kamata idan na'ura ta yi zafi, ko tana farfaɗowa lafiya bayan yankewar wuta, ko sabunti yana iya ci gaba daga inda ya tsaya idan intanet ya katse, duk tambayoyi ne da shagon yayanka ke amsa su kullum ba tare da an rubuta amsar ko'ina ba. Kuma shirun yana da farashi. Fedora ta daina fitar da ƙwaya domin tsofaffin kwamfutoci irin na Intel masu bit 32 a 2019, Debian 13 ma ba ta zo da hanyar girka ta a kansu ba, kuma babban dalilin irin wannan shawara shi ne ƙarancin masu gwaji da masu kulawa. A 2019 Ubuntu, wata Linux ɗin ita ma, ta so ta yar da duk manhajojin bit 32, masu wasannin kwamfuta suka yi ca a kanta, ta ja da baya ta bar waɗanda suke buƙata. Su sun yi magana an ji su. Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman kayan da yawancin tsofaffin na'urori ba su da su, wannan magana ta daina zama ta masu sha'awa kawai, ta zama ta duk makaranta ko ofishin da ba shi da kuɗin sauya kwamfutocinsa.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma a nan babu wanda zai yi mana. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin Unicode, wato kundin haruffan da kwamfutoci ke amfani da shi, tun da daɗewa, amma kasancewarsu a can bai tabbatar da cewa za su fito daidai a ko'ina ba. Na sha ganin takardar da aka buga a firinta inda kowane ƙ ya zama ɗan akwati, ko ya fito da siffar da ta bambanta da sauran haruffan layin domin salon rubutun da aka zaɓa ba shi da shi, manhajar ta aro daga wani. Gwada ka gani ko ɓ yana komawa Ɓ idan ka ce a mayar da rubutu manyan baƙaƙe, ko bincike yana gano sunan da ya fara da Ɗ, ko jerin sunayen ɗalibai yana ajiye Ƙ inda ya dace. Tsarin madannan Hausa da ke zuwa da Linux domin Nijeriya an ɗora shi ne a kan QWERTY, mu kuwa yawancin kwamfutocinmu AZERTY ne irin na Faransa, kuma mu a Nijar muna rubuta ƴ inda maƙwabtanmu suka fi sa waƙafi a gaban y. Mai ginin da ke Berlin ko Boston ba zai taɓa lura da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun da za a riƙa bugawa da ita sai ƙaruwa, kuma wanda ya gyara tsarin madannai ɗaya ya sauƙaƙa wa kowane magatakarda daga nan har Yamai.

Rahoto mai amfani kuwa sana'a ce da ake koyo, kuma yawancin rahotanni suna mutuwa ne domin ba su faɗi komai ba. A ce ka girka sigar gwaji a wata kwamfutar tafi-da-gidanka, ka lura cewa idan ka rufe murfinta ka buɗe, Wi-Fi ba ya dawowa. Idan ka rubuta cewa intanet ba ya aiki, babu abin da mai kula zai iya yi da wannan. Abin da yake buƙata shi ne sigar ƙwayar, wadda umarnin uname -r zai ba ka, da ainihin sunan katin, wanda lspci zai nuna, da saƙonnin da ƙwayar ta rubuta a daidai lokacin, waɗanda dmesg ke fitarwa. Sannan ka jera abin da ka yi ɗaya bayan ɗaya, da abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru, ka faɗi ko kullum ne ko jefi-jefi. Jumlar da ta fi kowace daraja a cikin rahoton ita ce wadda ke cewa a siga kaza yana aiki, a siga kaza ya daina, domin masu ƙwayar Linux suna ɗaukar lalata abin da yake aiki a da a matsayin babban laifi da ke gaban sauran ayyuka. Debian tana da reportbug, Ubuntu tana da ubuntu-bug, dukansu suna tattara maka yawancin bayanan nan. Ka fara bincika ko wani ya riga ka, idan ya riga ka sai ka ƙara bayanin na'urarka a kan nasa, kuma ka karanta abin da za ka aika domin kada sunan abokin ciniki ko wani sirrinsa ya bi ciki.

Idan ka ƙware, akwai matakin da ke sa masu kula su riƙe sunanka. Tsakanin sigar ƙwaya ɗaya da mai bi mata akwai sauye-sauye fiye da dubu goma, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya kashe maka Wi-Fi. Git, manhajar da Torvalds ya rubuta a 2005 domin adana tarihin sauye-sauyen, tana da umarnin git bisect, wanda zai kai ka tsakiyar tarihin ya ce ka gwada. Idan yana aiki, laifin yana rabin gaba. Idan ba ya aiki, yana rabin baya. Sai a sake raba rabin biyu. Da gwaji kusan 14 za ka tsamo sauyi ɗaya tak daga cikin dubu goma sha shida. A tsohuwar na'ura kowane gwaji yana iya cin sa'o'i, amma ba ya buƙatar ka iya rubuta manhaja, haƙuri kawai yake so da na'urar da matsalar ke cikinta, kuma wannan na'urar a hannunka take, ba a hannunsu ba.

Batun tsadar intanet gaskiya ne, tun da fayil ɗin girka Ubuntu ya haura giga biyar, amma ba kowa ne zai sauke nasa ba. Ku haɗu ku biyar ko shida daga cikin abokan karatunka, mutum ɗaya ya sauke, a kwafa a kile USB, kowa ya tayar da kwamfutarsa daga kilen ba tare da ya girka komai ba. Da haka fayil ɗaya ya gwada na'urori shida. Sigogin gwaji na Ubuntu suna zuwa da hanyar zsync, wadda ke sauke abin da ya sauya kawai maimakon fayil ɗin duka. Lokutan ma sanannu ne, domin Ubuntu tana fitowa a Afrilu da Oktoba, Fedora ma kusan duk wata shida, kuma makonnin da ke gaban fitowar ne rahoto ya fi samun mai karanta shi. Yawancin rahotanni da Ingilishi ake rubuta su, amma gajerun jumloli da cikakkun bayanan na'ura sun wadatar, ba wanda zai duba maka nahawu.

Kada ka kuskura ka girka sigar gwaji a kwamfutar abokin ciniki, ko a wadda rubutun kammala karatunka ke ciki. Ku ware na'ura ɗaya a shagon domin wannan aiki kawai, wadda ko ta ƙi tashi ba a yi asarar komai ba. Kuma bayan ka aika rahoto, kada ka goge ta ka sa wata manhajar, kada yayanka ya sayar da ita. Mai kula yana iya yin mako biyu ko wata guda kafin ya amsa, kuma amsar tasa yawanci roƙo ce: ga faci, ka gwada ka gaya mini ko ya yi. Rahotanni masu yawa ana rufe su ne a daidai wannan gaɓa, domin an tambayi mai rahoton bai dawo ba, wanda ya rubuta facin kuma ba shi da irin katin da zai gwada shi a kai.